Ƙyalle Mai Tsawon Jelani

Sansanin ma'aikatan gandun daji,
Tsaunin Mambila.

Zuwa ga amaryata, Hajiya Inna Delu,
Ƙofar Atiku, Sakkwato.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da gwiwoyinki da matan unguwa masu ɗaukar karatu a wurinki. A gaida Yaya Rahmatu da maigidanta. Jikanki kuma angonki yana nan ƙalau, sai ɗan tari na sanyi, da wandona da ya fara yi mini yawa saboda hawan dutse.

Na rubuto da ajami don kada ki nemi mai karanta miki. Waya ba ta kamawa a nan, ko ta kama ma na san kunnenki ba ya shiri da ita. Ɗanladi, direban da ke kawo albasa Gembu, shi zai miƙa miki wannan.

Inna, garin nan sanyi ne. Mutumin Sakkwato da ya saba kwana a tsakar gida yana fifita, yau ga shi yana karkarwa da rana tsaka. Aikinmu shiga kurmi, mu ƙidaya itatuwa, mu tattaro irin waɗanda suke neman ƙarewa. Inda yamma ta same mu, nan muke kafa tanti. Kowa an ba shi jakar barci: wani dogon bargo ne da aka ɗinke kamar buhu, mai zif, ka shiga ka ja, fuska kaɗai a waje. Tana da ɗumi, amma tawa ta ga maza kafin ni. Warin ƙafar wanda ya riga ni har yanzu yana gaishe ni, kuma ba ta wankuwa a daji, in ta jiƙe sai a yi mako ba ta bushe ba.

Abokin aikina Saifullah yana da dabara. Yana da wata jakar ta siririn ƙyalle da yake zurawa a ciki, kamar shafin babbar riga. Ita ke shan zufa da dauɗa, ya wanke ta a rafi, kafin la'asar ta bushe. Ita nake so ki ɗinka mini, tunda ba hannun da na yarda da shi kamar naki. Farin yadi na auduga, marar kauri. Tsawona daga kai zuwa ƙafa da ɗan ƙari, faɗin ya zagaye ni. Kada a sa maɓalli, kada a yi ado. Ki yi sauri don Allah, kafin mu hau can sama. Kuma kada ki gaya wa Rahmatu, kin san ta da tayar da magana.

In kin yi mini wannan na fasa yi miki kishiya bana.

Angonki,
Jelani.

*

Ƙofar Atiku, Sakkwato.

Jelani,

Wa alaikumus salam. Gaisuwarka ta iso, gwiwoyina sun amsa. Ban da lokacin wasa yau, don haka ajiye zancen ango.

Na karanta takardarka har na gaji da karantawa. Buhun da kac ce ana barci ciki ban san shi ba, ban taɓa gani ba, kuma ban yarda akwai shi ba. Amma farin ƙyalle mai tsawon mutum, ba maɓalli, ba ado, a yi sauri, kada a gaya wa kowa, wanga na san sunansa. Na ɗinka wa kakanka. Na ɗinka wa ubanka Siddiƙu da hannun nan da kake yabo, kana ɗan yaye kana jan bakin zanena. Shi ma ɗan tari ya ce mini. Shi ma ya ce kada a tayar da magana.

Kai da ka saba tsokanata kana tambaya yaushe za ni ba ku ɗaki, yau kai ne kake aiko mini da awonka? Ba haka anka tsara ba. Kai za ka sayo nawa. Na riga na gaya maka shagon da nake so a saya.

Ni ce nake zaunar da mata ina karantar da su cewa rai na Allah ne, kowa da ranarsa. Na sani, ban musa ba. Amma allura ta ƙi shiga hannuna, Jelani, kuma tsoro nake ji. Ban ɓoye maka.

Ranar da za ka tafi ka durƙusa gabana ka nemi izni na ba ka. To na karɓe abina. Ka biyo motar Ɗanladi ka taho gida in gan ka da idona. In ciwo ne, a yi jinya a ɗakina. Ban yarda ka ƙara kwana bisa dutsen nan ba.

Allah shi kiyaye mini kai.

Kakarka,
Delu.

*

Runjin Sambo, Sakkwato.

Ƙanena Jelani,

Sallama da gaisuwa. Wato ni ce mai tayar da magana ko? To zo ka ga maganar da ka tayar kana can kana ƙidayar ganye.

Na je gaida Inna na tarar da gida cike kamar ana suna. An daka gumba an raba sadaka, ta sa an yi maka saukar Alƙur'ani, kuma tun daga bakin layi mata ke tare ni suna cewa, "Rahmatu, ya mai jiki?" Ni kuwa ban ma san wane ne mai jikin ba. Da ƙyar ta nuna mini takardarka. Ina karantawa na gane abin da kake nufi, na yi dariya har na zauna. Sai na ɗaga kai na ga ita ba dariya take yi ba.

Na ce bari in taimake ka. Na buɗe waya na nemo hotunan jakar barcin, har da shafin da kake magana, na nuna mata. Ashe ƙara ɓata lamarin zan yi. Hoton farko wani Bature ne miƙe samɓal a ƙasa, an naɗe shi tun daga ƙafa har ka, fuska kaɗai a waje, ido a rufe. Inna ta kawo wayar kusa da hancinta, ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Allah shi jiƙan musulmi. Kin gani ko? Shi ma wanga ɗan wata ne." Na ce barci yake yi. Ta ce, "Haka aka cewa."

Yanzu wasa a gefe. Tuwonta yana komawa kicin kamar yadda aka kawo shi, ta dakatar da karatun mata, kuma ta fito da hular Baba daga adaka ta ajiye kusa da filo. Ni na girme ka, na tuna lokacin. Ita ta zauna a ƙofar ɗaki tana ɗinkin, ba ta bari kowa ya taɓa ba, ba ta yi kuka ba sai da ta cire zaren daga allura. Kai ba ka san wannan ba, shi ya sa ban ga laifinka sosai ba. Kaɗan dai na gani.

Ka gaya mini gaskiya, tarin nan na sanyi ne kawai? Sannan ka rubuto mata da hankali. Ni ba ta jin tawa, ta ce bakinmu ɗaya.

Yayarka,
Rahmatu.

*

Gembu.

Zuwa ga Innata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwar ɗa, na ajiye ta ango sai kin ce in ɗauka.

Takardarki da ta Rahmatu tare suka iso. Inna, ki yi haƙuri. Ina rubuta waccan takardar warin ƙafar wani kawai nake tunani, ban ga abin da na zana miki ba. Ban san ke kika ɗinka na Baba ba. Da na sani da na kwana cikin warin nan har aikin ya ƙare.

Na sauko gari musamman na ga likita. Ya saurari ƙirjina, ya ce mura ce irin ta baƙi, ya ba ni magani, tarin ya tafi. Ramar kuma ta tafiya ce, don ina cin tuwon masara kamar mutum biyu. Ki tambayi Ɗanladi, a gabansa na cinye kwanon da aka zubo mana tare.

Bari in gaya miki dalilin kowane abu da na roƙa. Fari na ce saboda kaska. Ciyawar nan cike take da ita saboda shanu, kuma a kan ƙyalle mai haske ne kawai mutum zai gan ta da safe ya kakkaɓe. Auduga na ce saboda ta Saifullah ta siliki ce, ba nauyi, amma santsi gare ta, yana juyi take nannaɗe shi, kuma ƙaya ɗaya ta isa ta yaga ta. Akwai ta ulu mai ƙara ɗumi, sai dai ta cika jaka, ni ne kuma zan goya ta in hau dutse. Maɓalli yana danne haƙarƙari. Saurin kuwa, tafiyarmu ce ta matso. Babu wani abu bayan wannan, wallahi.

Yanzu ga maganar da ta fi. Kin san shekarun da na yi ina jiran aikin nan, kin san yadda na riƙa zarya da takarduna har takalmina ya huje. Shugabanmu ya ce wanda bai hau da ayari ba, za a ba wani gurbinsa, kuma ba na jin za a sake kirana. Ina son aikin, Inna. Jiya na riƙe irin wata bishiya da 'yan kaɗan suka rage a kurmin nan, na ji kamar an ba ni amana.

Amma da izninki na zo, ba zan zauna babu shi ba. Na ɗaure kayana. Ɗanladi zai juyo da wani lodin kafin ayari ya tashi. In ya zo hannu wofi, zan hau motarsa in taho, ba kuma zan taɓa yi miki gorin hakan ba. Ba sai kin ɗinka komai ba. Kalma ɗaya ta ishe ni, ko ta zama ko ta tahowa.

Ki ci abinci don Allah. Ki kira matan nan su dawo karatu.

Naki har kullum,
Jelani.

*

Ƙofar Atiku, Sakkwato.

Angona marar hankali,

Wa alaikumus salam. Na tsare Ɗanladi a zaure na yi masa tambayoyi har ya yi gumi. Ya rantse ka cinye masa tuwo. Wannan na yarda, halinka ne.

Ga ƙunshi nan. Ba fari ba ne, kuma kada ka sake roƙona fari muddin ina numfashi. Zanena ne ruwan ƙwai, wanda ya sha wanki har ya yi laushi. Auduga ce zalla. Na ɗora ƙwayar gero a kai daga nesa na gan ta, da idon nan nawa, to kai ma za ka ga kaskarka. Ka riƙa shanya shi kullum, kada ka naɗe shi da danshi.

Kwance kayanka. Na mayar maka da izninka, ka hau dutsenka, Allah shi yi albarka. Tsoron bai tafi ba, amma nawa ne, ni zan riƙe shi.

Abu guda na canza a awonka. Na bar gefen dama a buɗe, daga kafaɗa har gwiwa. Kada ka ba wani tela ya rufe. Waɗanda na ɗinka a baya ban bar musu ƙofa ba. Wanga kuwa, kowace asuba ka fito ta nan da ƙafafunka.

Amaryarka,
Delu.