Ranar da Na Ɓoye Iƙamar Nuriyya

Unguwar Mansur, Makka.
Talata, 14 ga Rajab.

Zuwa ga ƙanwata Hajiya Rahmatu, a Gumel.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa da begen ganawa, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ki lafiya, ke da 'ya'ya da jikoki da duk wanda ke ƙarƙashin inuwarki. Yau Talata na tashi da sauƙi, alhamdu lillahi. Tarin ya ragu, na kuma yi sallar asuba a tsaye, abin da na yi wata biyu ban yi ba. Ƙafar dama ce dai har yanzu take kumbura in na jima a zaune. Hannuna yana rawa, saboda haka ki ba Murja haƙuri in za ta karanta miki. Da Malam Habu na elemantare zai ga yadda layukana suke gangarawa, da tuni ya sa na miƙo tafin hannu. Na san yanzu kowa ta waya yake magana, amma kunnena ba ya kama murya sosai, kuma abin da zan gaya miki ba na ihu a waya ba ne. Wani ɗan garinmu da ya zo Umara zai kawo miki takardar.

Labarin gida bai canja ba. Tun rasuwar matata Lailatu, shekara huɗu ke nan, mu biyu ne a ɗakunan nan: ni da jikata Nuriyya, 'yar ɗana marigayi Idris. Tana aiki a wani otal a unguwar Kudai, wurin karɓar baƙi. Takan fita da safe ta bar mini abinci a rufe da maganina a jere a kan faranti, ta dawo bayan la'asar. Tsakanin nan sai ni da rediyo da taga. Maƙwabtan da muka tsufa tare sun ƙare, wasu sun rasu, wasu sun koma gida, waɗanda suka maye gurbinsu kuwa sallama kawai ke haɗa mu. Yarinyar nan ita ce idona da ƙafata. Kuma ita ce na kusa jefawa cikin masifa ranar Asabar da ta wuce, da hannuna.

Mako biyu da suka wuce ta shigo da murna ta ce ita da abokan aikinta mata sun yi rajistar wata tafiya ta yini ɗaya zuwa bakin teku. Akwai kamfanin da ke shirya irin wannan, da motarsu da mai yi musu jagora. Za a kai su garin Lis, a zaga da su su ga gari, daga nan a sa su a jirgin ruwa zuwa wani tsibiri. A can za a ba kowace gilashin fuska da bututun numfashi, ta kwanta a kan ruwa tana kallon kifaye. Rahmatu, da na ji sunan Lis sai na ajiye kofin shayin da ke hannuna. Kin san teku ce ta ci Yaya Suhaibu, amma kina ƙarama lokacin, kuma ban taɓa gaya miki yadda aka yi ba. A wannan gaɓa ne, kusa da Lis. Da muka ƙetaro daga Sawakin ta ƙasar Sudan, masu jirgin suka sauke mu nesa da tudu da hantsi, suka ce ruwan iya gwiwa ne, mu taka mu ƙarasa, su kuma suka juya. Muka yi ta tafiya a kan wasu duwatsu masu kaifi da suka yayyanka mana ƙafafu. Yaya yana gabana ɗauke da kayanmu duka, har da nawa, domin ina zazzaɓi. Ya taka inda dutsen ya ƙare. Hularsa kaɗai na ƙara gani. Shekara sittin ke nan, teku tana nan kusa da mu, ban sake yarda na kalle ta ba. Ko Jidda na je, ta gefen da babu ruwa nake zama a mota.

Ban gaya wa Nuriyya wannan ba. Ban gaya wa ubanta ba ma har ya bar duniya. Sai na yi ta kawo dalilai: na ce sanyi ne, na ce 'ya mace ba ta shiga ruwa a gaban mutane, na ce ƙirjina yana ciwo. Ta amsa su ɗaya bayan ɗaya da Hausarta mai gauraye da Larabci. Ta ce ruwan ɗumi ne, tafiyar ta mata ce zalla, mai jagorar ma mace ce, kuma likita ya duba ƙirjina ranar Lahadi ya ce ya fi nasa lafiya. Har ta tsokane ni cewa kishi nake yi, ina tsoron wani kifi ya ƙwace mini amarya. Na yi dariya, amma cikina ba dariya.

Ranar Juma'a da yamma tana kicin tana dafa mini shayi, jakarta tana kan kujera. Na buɗe, na zare katin iƙamarta, na sa a gwangwanin da nake ajiye takarduna. Kin san iƙama ita ce izinin zaman baƙo a ƙasar nan, kuma mun sha wuya kafin tata ta samu. Mu da muka tsufa a nan, ba ma taka ƙofar gida sai mun shafa aljihu mun ji ta. Lissafina shi ne da asuba za ta duba jaka, ta ga babu, ta nema ta rasa, motar ta tafi ta bar ta, washegari kuma in ce na tsinta a ƙarƙashin kujera. Abin da ban sani ba shi ne yaran yanzu ba sa shafa aljihu. Ta yi salla, ta jera mini magani, ta sumbaci goshina, ta rataya jaka ta fice.

Da farko ban damu ba. Na ce a raina za ta gane a tashar Kudai ta dawo. Ƙarfe bakwai ta yi, takwas ta yi, shiru. Nan ne hankalina ya dawo jikina. Akwai shingen bincike a hanya, kuma ta gaya mini da bakinta cewa masu tsaron gaɓa suna duba takardun kowa kafin a hau jirgi. Na tuna mutanen da na sani waɗanda aka tare ba takarda, aka wuce da su gidan tarhil, inda ake tara waɗanda za a mayar ƙasarsu. Na ga Nuriyya an sauke ta a filin jirgin Kano da jakar ninkaya, yarinyar da aka haifa a Mansur, wadda ba ta taɓa ganin damina ba. Ina gudun kada teku ta raba ni da ita, sai ga shi ni na tura ta hanya hannu wofi.

Na kira wayarta, ba ta shiga. Sai na kira Sada, tsohon abokina mutumin Maraɗi, wanda har yanzu yake ɗaukar fasinja a motarsa. Na gaya masa komai, ban ɓoye ba. Ya yi salati, ya ce tsufa ya fara taɓa mini kai, sannan ya ce yana Tan'im, nan bakin Makka, zai sauke masu Umara, in shirya, ga shi nan tafe, mu bi ta da katin har Lis. Na sa babbar rigata da hula, na ɗauki sanda, na jawo kujera bakin ƙofa, katin yana hannuna. A nan na yini. Azahar ta same ni a nan, la'asar ma haka. Ban buɗe abincin ba, na manta da magani. Duk motar da ta tsaya a layinmu sai na yunƙura. Duk sa'ad da na kira Sada sai ya ce saura kaɗan. Ban taɓa yin addu'a irin ta ranar ba, ko a Arfa.

Ana idar da sallar magariba na ji takunta a matakala. Ta turo ƙofa ta kusa buge ni da ita. Fuskarta ta ƙara duhu saboda rana, mayafinta yana warin gishiri, hannunta ɗauke da ƙunshin kifi. Ta dube ni cikin babbar riga, ta dubi katin da ke hannuna, ta dubi farantin magani da ban taɓa ba. Ni kuwa kuka na fashe da shi kamar yaro. Ta ajiye kifin, ta durƙusa ta ba ni ruwa da magani, sai da na haɗiye sannan ta fara faɗa. Ta ce tun a mota ta gane babu katin, lokacin da ƙawarta Lujain ta ce kowa ya shirya takardunsa, kuma nan take ta san ɓarawon, don gidan mutum biyu ne. Sai ta nuna mini wayarta. Ashe yanzu iƙamar tana cikin waya, da hotonta da lambarta, kuma ita ta nuna wa jami'ai suka ce ta wuce. Ta ce ta fi shekara ba wanda ya nemi ganin katin. Ta ce haushi ne ya sa ta kashe wayar, don in ɗanɗana, da ta huce kuma suna tsakiyar teku inda babu layi. Ta nemi gafarata a kan wannan, amma ta ce sai na gaya mata dalilin da ya sa dattijo mai furfura zai shiga jakar mace.

Na gaya mata, kamar yadda na rubuta miki a sama. Da na gama ta matso kusa da ni ta fara ba ni labarin tafiyar tun daga farko, a hankali, kamar mai ba mara lafiya kunu. Ta ce an fara kai su kasuwar kifi, inda masunta ke sauke kamun safe ana ta ciniki da ihu, sannan wani wuri da itatuwa ke tsirowa a cikin ruwan gishiri, fararen tsuntsaye suna tsaye a kai. Mai jagorar, wata Abir, ta ƙirga su wajen hawa jirgi, ta ƙirga su wajen sauka, ta ɗaura wa kowace rigar da ke hana nutsewa, ta kuma ja igiya a kan ruwa ta ce ba mai wuce nan. Nuriyya ta ce da farko ta shaƙi ruwa ta bututun har ta yi ta tari, Lujain tana mata dariya, sai Abir ta riƙe hannunta ta ce ta saki jiki ta yi numfashi kamar mai barci.

Sai ta buɗe mini hoton da suka ɗauka a ƙarƙashin ruwan, mai motsi. Na so in kau da kai, ta riƙe mini haɓa. Rahmatu, duwatsun nan da suka yanka mana ƙafafu, ashe murjani ne, ɗan'uwan wanda Inna take ɗaurawa a wuya ranar salla. A can yake tsirowa, reshe-reshe, wani ja, wani rawaya, wani kamar farin kabeji. Kifaye shuɗaye da masu zane suna shige da fice a tsakani, hasken rana yana sauka har ƙasa yana rawa a kan yashi. Har inda dutsen ya ƙare na gani, ruwan ya koma shuɗi mai zurfi, amma ko can akwai haske. Shekara sittin ina ganin Yaya a cikin rami mai duhu. Na sa ta maimaita mini hoton sau huɗu. Ban san yadda zan bayyana miki ba, amma wani abu da ya daɗe a ƙirjina ya sauka, kuma tun ranar nake barci har a kira asuba.

Na miƙa mata katinta, ta ƙi karɓa. Ta ce in mayar gwangwanin in ci gaba da gadi, tunda na nuna ƙwarewa, amma da sharaɗi. Asabar ta sama ba wannan ba, za ta tafi da ni Lis. Ta riga ta yi magana da Abir, an ce akwai tafiyar iyali, kuma za a iya ajiye ni a keken guragu a bakin gaɓa cikin inuwa, ba sai na hau jirgi ba. Na amsa. Ina so in zauna in fuskanci ruwan nan in yi wa Yaya addu'a a inda ya kwanta. Ke kaɗai kika rage da kika san fuskarsa, shi ya sa na rubuto. Ranar, da hantsi, ki ɗaga hannu daga nan Gumel mu haɗu a kansa.

Ki gaishe mini da Murja da maigidanta, da Mudassir da iyalinsa, da Ɗaso, ki ce mata na ji labarin haihuwar, Allah Ya raya. Ki gai da Nasiha, ki ce kukar da ta aiko ta iso kuma ta kusa ƙarewa. Nuriyya tana gaishe ki, ta ce in gaya miki ki ja wa yayanki kunne. Allah Ya sada mu da alheri, in ba a nan ba, a gidan da ya fi nan.

Ni ne yayanki,
Abdulwasi'u.

Na manta ban faɗa ba. Sada bai zo ranar Asabar ba. Jiya ya kira ya ce yau da safe zai zo ya duba ni, na sa Nuriyya ta bar kofi biyu. Ga shi an kira la'asar, shayin ya huce, kujerarsa tana nan yadda na ajiye ta. Na so ƙwarai in ga fuskarsa, don akwai hira a bakina. Amma ban riƙe shi a zuciya ba. Da ya cika alkawari ranar nan, da yanzu duk otal ɗin Kudai ana labarin tsohon da ya biyo jikarsa har bakin teku da babbar riga, yana ɗaga kati.