Bim Ɗin Garejin Auta

Sheda, Litinin

Zuwa ga ƙanena Tawfiq,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina fata kuna lafiya, kai da matarka Kauthar da 'yata Nazeefa. Tunda ka toshe lambata don na yi maka faɗa a gurup ɗin dangi, ga takarda. Meshach, direban motar ma'aikatanmu da ke zaune a unguwarku, zai miƙa maka hannu da hannu.

Ranar da ka ce min ka gaji da kwanciya ƙarƙashin motocin mutane a bakin titi duk ƙarshen mako, kana so ka gina gareji a filin gaban gidanka, wa ya kai ni murna? Ni injiniyar gini ce, na ture aikin ofis na zana maka shi. Ka ce aljihu ba nauyi, na ce to. Ka sayo tsohon kwano, ban ce komai ba. Ka sa ƙofar kwantena a madadin get, har yaba maka na yi. Ni na ce a jera kwano mai haske a tsakiyar rufin don kada ka zauna jiran wuta da rana, na karkata daɓen don baƙin mai ya gangara wuri guda. Duk inda za a matse, na matse maka.

Abu ɗaya tak na ce kada a taɓa: bim ɗin kankaren nan da zai ratsa tsakiya, wanda za ka rataya sarƙar ɗaga inji a jikinsa. Na rubuta rodi shida masu kauri, da yashin rafi, kuma a bar tokara a ƙarƙashinsa har kankaren ya kama.

Ran Asabar na zo ba ka nan, na tarar da Yamusa birkilanka. Da bakinsa ya gaya min, yana washe haƙora, wai rodi huɗu sirara kuka sa, wai yashin kwatar bayan gida kuka kwasa, kuma mako bai cika ba kuka zare tokarar don mai gorar da kuka tokare da ita yana son kayansa. Tawfiq, kanka ɗaya kuwa? Kai fa za ka tsaya a ƙarƙashin wannan abin, inji yana lilo a saman kanka. Wallahi raina ya ɓaci, har yanzu bai sauka ba.

A fasa shi a sake zubawa. Ba shawara nake ba ka ba.

Yayarka,
Murja

Kurudu, Laraba

Zuwa ga Injiniya Hajiya Murja, ranki ya daɗe,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya lau, har da bim ɗin, yana gaishe ki.

Yaya, yaushe rabonki da garejojin makanikai na Apo? Ki je ki gani. Can a reshen bishiya ake rataya inji, wasu kuma ƙarafa uku suke haɗawa kamar murhu, kuma kullum suna komawa gida su ci tuwo. Nawa na kankare ne fa. Jiya na rataya injin Korola a jikinsa, na bar shi tun Azahar har Magariba, ko tari bai yi ba. Yamusa ya gina rabin layinmu, ban ji gidan da ya faɗo wa kowa ba.

Abin da na rage a rodi ba cinye shi na yi ba. Na sayi batir da sola, na yi wa daɓen fenti mai sheƙi, na kafa allon rataye sifana a bango, kowanne da gurbinsa. Ki zo ki ga yadda mutane suke tsayawa suna leƙe. Amma ke ba ki ga wannan ba, kin wuce kai tsaye kina ƙirga rodi, sannan kika kwashe ki kai gurup, gaban su Kawu da surukaina, wai "Auta zai kashe kansa da arha." Har matar Kawu ta bugo tana min nasiha.

Bari in faɗa miki abin da ban taɓa faɗa ba. Tun da su Baba suka rasu, ke kika zaɓa min makaranta, ke kika zaɓa min kwas, ke kika kai takarduna ma'aikatar da nake zuwa kullum ina hamma. Akwatin lefena ma ke kika zaɓi launinsa. Na gode, Allah ya saka. Amma garejin nan shi kaɗai ne abin da na so da kaina na kuma yi da kaina. Ina da mata da 'ya, furfura ta fara fito min, ki daina ce min Auta a gaban mutane.

Asabar ta sama za mu yi walimar buɗewa. Oga daraktanmu zai zo. Ke ma ki zo, amma ki bar tef ɗin awonki a gida.

Ƙanenki,
Tawfiq

Sheda, Juma'a

Tawfiq,

Na gaishe ka, ko da yake ba ka ci gaisuwar ba.

Reshen bishiya yana lanƙwasa ya yi ƙara kafin ya karye, mutum ya samu ya tsere. Kankaren da ba isasshen rodi ba ya sallama. Ba ranar gwaji yake faɗowa ba, sai ranar da ka saki jiki ka zura kai kana kwance noti. Injin Korola kuma har wani inji ne?

Ka ce na mallake ka. To na ji. Ka cire kwanon da na zaɓa, ka juya ƙofar ta kalli yamma, ka yi wa garejin fenti ruwan ɗorawa idan ka ga dama, ba ruwana. Amma ni ce na tsaya a kan gawar Baba da ta Mama, ba zan tsaya a kan taka ba don fentin daɓe. Walimarka kuma ba zan zo ba. Ba zan ci waina a ƙarƙashin wannan abin ba.

Allah ya shirye ka.
Murja

Kurudu, Lahadi

Zuwa ga Anti Murja,

Assalamu alaikum Anti, ina wuni, ya aiki? Don Allah ki yi haƙuri da rubutuna, sauri nake kafin Baban Nazeefa ya dawo daga masallaci. Bai san na rubuto ba, kuma ba na so in kira, yana duba wayata tun da rigimar nan ta fara.

Anti, bim ɗin ya tsage. Shekaranjiya ina shanya na gani, daga ƙasa, daidai inda ƙugiyar sarƙar take, siririya kamar zare. Na nuna masa, ya ce filasta ce kawai take bushewa. Da yamma ya kwaɓa siminti ya shafe wurin ya bi da fenti. Da na sake magana sai ya ce to, na koma 'yar aiken Sheda.

Ni ban san rodi ba, ban san yashi ba. Abin da na sani, Nazeefa ta mayar da garejin wurin wasanta, da ta ji ƙarar sifana sai ta ruga wajen babanta. Kuma ya yi wa ogansu alkawari, bayan walima zai sauke injin babbar motarsa a gaban baƙi don a ga aikin sarƙar. Ina jin haushinsa, Anti, kuma tsoro ya hana ni cin abinci.

Ran Alhamis ofis za su tura shi Keffi, sai yamma zai dawo. Makullin garejin yana hannuna. Ban ce ki yi komai ba, na dai gaya miki.

Ƙanwarki,
Kauthar

Kurudu, Juma'a

Murja,

Ba sallama, don ba lafiya tsakaninmu.

Na dawo daga Keffi na tarar da jama'a a ƙofar gidana kamar an yi gobara. Kin kwaso leburori daga bakin titi da guduma, kin shiga gidana ba na nan, kin rushe min bim. Kwanon tsakiya yana ƙasa a lanƙwashe. Daɓen da na durƙusa na yi wa fenti da hannuna duk ya farfashe. Mai shagon layinmu yana tambayata wai ko hukuma ce ta zo rusau, na rasa bakin da zan ce masa a'a, yayata ce, uwa ɗaya uba ɗaya.

Kin san abin da na yi yau da safe? Na tsaya gaban oga ina murza hannu ina ce masa an ɗage walima. Ya tambaye ni dalili, na yi ƙarya. Na bi mutane ɗaya bayan ɗaya ina janye gayyata. Mai waina ta riga ta jiƙa shinkafa.

Ko ɓarawo ya shigo ai da ya bar min bango. Ke wace ce da za ki yanke hukunci a gidan da ba ki sa bulo ko ɗaya ba? Kuma kika haɗa baki da matata. Tun jiya ban ce mata uffan ba, ban ci abincinta ba, ban san ranar da zan iya ba. Kin ji daɗi yanzu?

Tawfiq

Sheda, Asabar

Zuwa ga ƙanena Tawfiq,

Assalamu alaikum, ko ba ka amsa ba.

E, ni ce. Ba zan ce ka yi haƙuri da fasa bim ba, don ko gobe ka sake irinsa zan sake zuwa. Na kwano da daɓe kam laifina ne. Na sa leburorin sun tokare rufin, amma ban zaci abin zai zube gaba ɗaya haka ba. Na yi jinga da su a kan aikin yini guda. Tawfiq, ruwan da Kauthar ta ɗora musu na shayi bai tafasa ba suka gama. Babban cikinsu ya dube ni ya ce, "Madam, wannan ba kankare ba ne, garin kwaki ne." Na zauna a kan bulo, ina kallon takalmin Nazeefa a bakin ƙofa.

Na bar maka guntu ɗaya a baƙar leda a bayan ƙofar kicin. Kada ka yarda da ni. Ka ɗauka ka matse da hannunka.

Kauthar kuma ka sakar mata fuska. Makulli kawai ta miƙo, tana kuka. Duk fushin da kake da shi ka kawo nan, zan ɗauka. Na gwammace ka yi shekara goma ba ka gaishe ni ba da in zo gidanka zaman makoki.

Yayarka har kullum,
Murja

Kurudu, Talata

Yaya Murja,

Wa alaikumus salam.

Na matse shi. Ya marmashe a tafina.

Na sallami Yamusa, ko da yake ni na ce masa ya rage. Na ci abincin Kauthar. Zan sake zubawa, rodi shida, yadda kika zana. Zai kai ni bayan damina, don sai na sayar da solar.

Ki ba Meshach zanen ya kawo. Ranar zubi zan samo wani injiniya ya duba. Ke kada ki zo, ko ranar, ko ranar walima. Kin yi gaskiya, amma gidana ne kika shiga da guduma.

Allah ya bar ki lafiya.
Tawfiq