Zuwa ga Elena, a kan yaren da kika bar wa 'ya'yanki

Zuwa ga 'yata Elena, matar ɗana Ishaya,

Gaisuwa mai yawa a cikin sunan Ubangiji, tare da fatan kina hutawa a wurin da babu ciwo. Ni ce Ladi, surukarki. Bayan gaisuwa, na san da kina nan da kin yi dariyar wannan wasiƙa, domin da Hausa nake rubuta ta, ke kuwa Hausarki ba ta wuce gaisuwa ba. Da Turanci muka saba magana, amma abin da ke raina yau Turancina ba zai ɗauke shi ba. Waɗanda za su karanta a shafina su yi mini haƙuri, da ke nake magana.

Shekara biyu ke nan da muka raka ki. Lusiya ta cika bakwai, haƙoranta biyu na gaba sun fita. Matiyo yana da huɗu, ya ɗauko goshinki da taurin kanki. Na saki ɗakina na Laurel na dawo gidanku a Beltsville, duk dai a nan Amurka, aikina na gidan kula da tsofaffi kuma na rage shi zuwa kwana uku a mako. Labarin da nake so in ba ki shi ne, ni Ladi, da furfurata, ina koya wa 'ya'yanki yarenki, Sifaniyanci.

Kafin in gaya miki yadda aka yi, bari in fara da laifina. Kin san ban yi murna ba da Ishaya ya ce zai auri 'yar El Salvador. Akwai yarinyar da na riga na zaɓa masa a zuciyata a cocinmu. Na zo biki, na yi rawa, amma kin san rawar ba ta kai zuci ba.

Sai ranar da na zo ganin Lusiya tana wata huɗu. Kina yi mata wanka kina ta zuba mata yarenku, ni ina tsaye a bakin ƙofa. Na ce ashe a gidan ɗana za a riƙa yare ina nan kamar baƙuwa. Ba ki ɗaga murya ba. Kika naɗe ta a tawul, kika miƙo mini ita, kika ce, "Mama, ke ma ki yi mata naki. Kunnenta zai ɗauki duka." Ban taɓa ba ki haƙuri ba, har a watannin da na yi ina jinyarki. Ina juya ki, ina shafa miki mai a ƙafa, ina ganin kamar hannu ya isa ya faɗi abin da baki ya kasa. To yau na faɗa. Ki yafe mini.

Bayan rasuwarki, kowace Lahadi in mun dawo daga coci Ishaya yakan kira mahaifiyarki, Mama Rosa, ta bidiyo don ta ga jikokinta. Kin san ba ta jin Turanci ko kaɗan. Da fari Lusiya takan ba ta labari mai tsawo. A hankali labarin ya gajarce, ya koma kalma ɗaya ɗaya, ya koma gyaɗa kai. Wata Lahadi mahaifiyarki ta yi mata wata tambaya, sai Lusiya ta juya wajen ubanta ta ce da Turanci, "Ban gane abin da matar nan take faɗa ba."

Matar nan, Elena.

Mama Rosa ba ta ji kalmomin ba, amma ta ga fuskar. Ta yi murmushi, ta ɗaga mana hannu, ta ajiye wayar tana zaton ta kashe. Muna kallon kwanon rufin ɗakinta muna jin kukanta, har Ishaya ya katse kiran.

Na san irin wannan shirun da ke shiga tsakanin kaka da jika. Ban taɓa ba ki wannan labari ba. A Kaduna aka haife ni, babana ma'aikacin jirgin ƙasa ne, da Hausa muka tashi. In an kai mu ƙauye wajen Kafanchan lokacin Kirsimeti, kakata takan riƙe hannuna ta yi ta magana da yarenmu, ni kuwa ba abin da nake cewa sai "to". Ta cika mini aljihu da gyaɗa, mu rabu. Har ta mutu ban san labarinta ko ɗaya daga bakinta ba. Na haura sittin, abin bai daina damuna ba.

Na tuntuɓi Ishaya. Shi ya iya ɗan abin da kika koya masa, amma a lokacin ko a rediyon mota ya ji yarenku sai ya canja tasha. Na ga ba zai iya ba, sai na ce to ni zan yi. Ya dube ni ya ce, "Mama, Sifaniyanci fa? Ke da har yanzu wayarki take ba ki wahala." Na ce masa wadda ta haddace sunayen magunguna da girmanta ba za ta kasa haddace sunan cokali ba.

Ina gyaran kabad ɗin kicin na ci karo da kwalin takalmi cike da katunan da kika yi. Kowanne da kalma da rubutun hannunki, da zanen abin a gefe. Zane dai ba baiwarki ba ce, 'yata, akuyarki da kare take kama. Na ƙarshe-ƙarshen rubutun yana rawa, na gane a wane lokaci kika yi su. Na zauna a ƙasa na daɗe. Daga baya na nemo salatif na bi gidan ina mannawa, a ƙofa, a firji, a taga, a madubi.

Na shiga ajin manya na safiyar Asabar a laburaren unguwa. A wurin aiki kuma akwai Marta, 'yar Guatemala, wadda muke duba tsofaffi tare. Lokacin hutu ina cin abinci tana gyara mini lafazi. Ta ce harshena ya fi na Amurkawa iya kaɗa "r", na ce mata Hausa ce ta yi mini wannan gata.

Ranar da na ɗauko katin teburi na ga kin rubuta mesa, sai da na sake dubawa. Na gaya wa yaran cewa a wurinmu mesa ƙaton maciji ne mai haɗiye akuya. Tun daga ranar Matiyo yakan shige ƙarƙashin teburi ya ce mesa ta haɗiye shi, sai an ja ƙafarsa an ceto shi. Wannan kalma dai ba zai manta da ita ba har abada.

Na kafa doka cewa karin kumallo da yaren uwarsu za a yi. Mai son madara ya ce leche, mai son ruwa ya ce agua. Matiyo bai ba ni wahala ba, domin duk abin da ya biyo ta ciki yana kama shi da wuri. Da soyayyar ayaba ya koyi ƙirga, in ya ƙirga daidai ya cinye.

Lusiya ce ta ƙi. Takan zauna ta haɗe rai, ta gwammace ta ci busasshen burodi da ta roƙi madara. Wata safiya ina yi mata kitso, na ɗauko abin ɗaure gashin nan da kika saya mata mai siffar malam-buɗe-littafi, na karanto sunansa daga katin madubi. Sai ta fizge kanta ta ce, "Ba haka Momi take faɗa ba. Ki daina. Maganar Momi ce, ba taki ba." Ta ɓalle katin ta yayyaga.

Ba zan ɓoye miki ba, abin ya soke ni. Na shiga kicin na tsaya ina wanke kofin da yake a wanke. Na ce wa kaina wataƙila yarinyar nan ta fi ni gaskiya, wa ya aike ni. Kwana uku ban furta kalma ɗaya ta yarenku ba.

A rana ta huɗu na zaunar da ita zan ƙarasa kitson. Ina tsaga gashin na ce mata, "Gaskiyarki, ban iya ba. Ke ce kika ji daga bakinta, ni a takarda na gani. Ki faɗa mini yadda take faɗa." Na kitsa layi guda. Sannan a hankali ta ce, "Mariposa."

Elena, muryarki ce. Yadda kike jan tsakiyar kalma, yadda kike sauke ƙarshenta, duk suna nan. Matsefi ya faɗi daga hannuna. Ishaya yana corido da takalmi ɗaya a hannu zai tafi aiki. Na ɗauka zai fice kamar yadda ya saba. Sai ya shigo ya tsuguna a gabanta ya ce, "Sake faɗa, Lusiya." Ranar ya makara, ita ma ta makara.

Daga nan ita ce malama, ni da Matiyo ɗalibai. Ta jera mu a kujera, ta riƙe muciyata ta tuƙa tuwo tana nuna katuna. Ba ta da sassauci ko kaɗan, in na yi kuskure sai na maimaita sau uku. Ashe kalmomin suna nan kwance a cikinta, abin da kike faɗa in kina sa mata takalmi, da abin da kike faɗa in ta zubar da shayi. Wasu ma ba sa cikin katunan. Nakan rubuta su yadda na ji, in kai wa Marta ta fassara mini. Ta haka na san irin faɗan da kike yi musu. Ishaya ma ya fara sa baki a teburi, yana gyara mu duka.

Mahaifiyarki ta sami biza a nema na biyu, ta zo mana da bazara ta yi mako shida. A filin jirgi Lusiya ta damƙe zanena har sai da na ji farcenta. Da Mama Rosa ta fito da 'yar jakarta, yarinyar ta sake ni, ta taka ta same ta, ta ce mata da yarenku, "Abuela," wato kaka, "kin gaji? Mun gyara miki ɗaki." Matiyo kuwa ya tambaye ta me ta kawo masa. Tsohuwar ta durƙusa a ƙasa a tsakiyar mutane ta rungume su, sai kewaye su ake yi da akwatuna.

Akwai abin da ta gaya mini wanda shi ya sa na ɗauki biro. Wata rana muna kicin, tana yin wainar masarar nan taku mai cuku a ciki, ni ina haɗa miyar gyaɗa. Matiyo ya shigo yana kirana, "Kaka, Kaka." Na ga ta sa hannu ta rufe baki, kafaɗunta suna rawa. Na tambaye ta da guntun Sifaniyancina me ya faru. Ta ƙi faɗa, na matsa. Da kalma, da hannu, da nuna bayan yaron, har na gane. Ashe a yarenku kaka kashi ne.

Ta ce tun Lusiya ba ta fara magana ba kika kira ita Mama Rosa kika ja mata kunne. Kika ce, "Sunan girma ne a yaren surukata, kada ki kuskura ki yi dariya." Ta ce kin hana kalmar shiga gidanki da waccan ma'ana, kin koya wa yaran wata daban, kin kuma sa Ishaya ya yi alkawarin ba zai gaya mini ba. Har Marta, da na tambaye ta daga baya, ta ce kunya ce ta hana ta.

Muka yi dariya ni da uwarki har waina ta ƙone, daga nan dariyar ta juye ta zama kuka, muka riƙe juna da hannuwa duk gari. Shekara da shekaru kina jin ana kirana da sunan nan safe da yamma, ko sau ɗaya ban ga haƙorinki ba. Kina tsare mini mutunci ban sani ba. Mama Rosa ta tambaye ni ko zan canja suna. Na ce mata a'a, sunan da 'yarta ta yi wa gadi ba zan yar da shi ba.

Ta koma gida yanzu. Kiran Lahadi sai batir ya ƙare. Ba zan ce miki mun ƙware ba. Ni har yanzu ina haɗa namiji da mace a magana, Matiyo kuma yakan cusa yare uku a jimla ɗaya, ya fara da Turanci, ya bi ta naku, ya ƙare da "ko ba haka ba, Kaka?" Ishaya yana shirin kai su garinku in an yi hutu, sun ce dole da ni. Ina ta koyon yadda zan gaida kawunnanki kada in ba ki kunya.

Yau da safe muna karyawa Matiyo ya tambaye ni wane yare kike ji a sama. Na ce masa duka. Ya yi tunani da cokali a baki, sannan ya ce to in gaya miki buenos días, wato ina kwana, wai shi bakinsa a cike yake.

Ubangiji ya ba ki hutawa a gabansa, ya sāka miki da alherin da kika yi mini a ɓoye. Ya raya Lusiya da Matiyo, ya buɗe musu baki da zuciya. Ya ƙarfafa Ishaya, ya ƙara wa mahaifiyarki lafiya da tsawon rai. Ni kuma ya ara mini kwanaki da ƙwaƙwalwa in ƙarasa kwalin nan naki, saura katuna kaɗan. Amin.

Saƙon ɗanki kuma ga shi na isar. Buenos días, 'yata.

Taki har mu sadu,
Ladi, Kakar 'ya'yanki