Farin Ɗinkin Ƙwallo

Zuwa ga Lavonne, farar audugata, ruwan farko a kan busasshiyar gona, inuwar da nake nema tun da na bar garinmu.

Wasiƙarki ta same ni a nan Alaska, a masana'antar da muke yanka kifi, hannuwana sun tsage da gishiri da sanyi. Sau uku na karanta ta a tsaye. Kin ce kin sake kallon faifan wasan ƙarshe na kakar wasanmu ta ƙwallon Amurka a hankali, kin tsayar, kin mayar baya. Kin ce in faɗa miki hannun wa ya yi kuskure, nawa ko na ƙanenki Roscoe, kafin Asabar ɗin da jami'a za ta tara tsofaffin 'yan wasanta, in ba haka ba za ki aiko mini da zobena ta gidan waya. Ta gidan waya, Lavonne? Zoben da ya shekara shida a yatsarki, shi za ki jefa a ambulan kamar takardar gayyata?

Kin tuna kakar nan? Wasa goma, nasara goma kafin na ƙarshen! Kowace Asabar hayaƙin gashin nama ya rufe harabar fili tun hantsi, makaɗa na busa, tsofaffin mata sun shafa wa kumatunsu launin jami'a. Ke kuma kina ƙofa ta bakwai cikin rigata mai lamba hamsin da takwas, ta kai miki gwiwa, kina dariya kamar ruwan rafi a kan duwatsu. Ranar da muka ci wasa na shida kika ce mini, "Wendell, kai kaɗai ne a filin nan ke kallon duniya ta tsakanin ƙafafunsa." Gaskiya kika faɗa. Aikina ke nan: in sunkuya, in cilla ƙwallo baya, Roscoe ya cafe ya dasa a ƙasa, Benny ya buga ta tsakanin sanduna. Mai irin aikina ba a sanin sunansa sai ranar da abu ya lalace.

To ga amsarki, kuma ba zan ƙara gishiri ba. Duk yaron garinmu ya san farin ɗinkin da ke gefe ɗaya na ƙwallo ba ya fuskantar ƙafar mai bugu. In ya fuskance ta, ƙwallo ta karkace. Shekara huɗu ina cilla ta yadda za ta isa hannun mai cafewa ɗinkin yana kallon sanduna, ba sai ya juya ba. A ranar, saura daƙiƙa huɗu, abokan hamayya suna gabanmu da maki biyu, bugun Benny kuma maki uku ne, yatsuna sun daskare, ƙwallo ta ƙara rabin juyi. Wannan nawa ne. Amma ta isa hannun Roscoe daidai ƙirji, yana da lokacin juya ta, ya juya irinta sau dubu a atisaye. Bai juya ba. Ya ɗaga kai yana kallon sanduna, yana murna tun ba a buga ba. Benny ya bugi ɗinki, ƙwallo ta bi hagu. Wannan nasa ne, kuma ya fi nawa nauyi.

A ɗakin sauya kaya na same shi zaune da hular kwano a kansa. Ya ce, "Yaya Wendell, Baba yana kallo. Ina zan sa kaina?" Kin san mahaifinki, shekara arba'in kujera ɗaya a filin nan, zuciyarsa kuma likita ya riga ya yi gargaɗi a kanta. Da 'yan jarida suka shigo sai na ce laifin duk nawa ne, na cilla ta ba daidai ba. Na ɗauka mako biyu za a yi a manta. Ashe garinmu ba ya mantuwa! A shagon shayi mai shago ya ce, "Riƙe kofin da hannu biyu, ɗana, kada ka cilla mana shi rufi." A coci wata dattijuwa ta dafa kafaɗata ta ce tana yi wa yatsuna addu'a. Roscoe yau shi ke horar da yaran sakandare, ana cire masa hula a hanya, kuma ko sau ɗaya bai ɗaga waya ya ce sannu ba. Abin yana mini ciwo, ba zan ɓoye ba. Sai dai shekarunsa goma sha tara a lokacin, kuma bai roƙe ni in yi ƙarya ba. Ni na zaɓa.

Akwai laifi na uku, ya tauraruwar asubata, shi kuma ba ni da abokin rabo a cikinsa. Na gudu daga dariyar gari, na bar ki a tsakiyarta. Na ce miki wata shida, ga shi an shekara shida. Nan rana takan ɓace wata da watanni, teku baƙi ƙirin, iska kamar wuƙa, amma wallahi duk ba su kai sanyin tuna ki tsaye ke kaɗai a ƙofa ta bakwai ba. Wace ƙwallo ce ta kai wannan? Wane maki?

Abu biyu nake roƙo. Kada mahaifinki ya ji abin da ke cikin takardar nan. Ya rayu da ɗansa yadda ya san shi. Na biyu, kada ki je gidan waya. Na sayi tikitin jirgi. Asabar zan tsaya a filin in an kira sunayenmu, su yi ihun da za su yi, na gaji da jin sa daga nesa. Idona zai kasance a ƙofa ta bakwai. In zoben yana yatsarki, ɗaga hannun in gani, ba zan sake komawa Alaska ba. In kuwa kin cire, ki sauko ki ba ni da kanki, ki dube ni. Zan karɓa da hannu biyu.

Naki jiya, naki ranar Asabar, naki ko wane hannu kika ɗaga,

Wendell