Garin da Kuka Ƙona Muna Yankan Riɗi

Zuwa ga masu girma shugabanni da marubutan kamfanin wasan da matasanmu ke shiga ta waya,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ku da aiki, da fatan kuna lafiya, ku da iyalanku.

Akwai wani ruɗani da ni ma na daɗe a cikinsa, wato ɗauka cewa labari ba ya yin rai sai an yanka masa wa'adi, wanda ya zo ya gani, wanda bai zo ba ya yi asara. Ina jin ku ma a nan kuka tsaya. Ni malamin Larabci ne a wata sakandare a Gadarif, gabashin Sudan. Shekara biyu ke nan da na shiga wasanku don in ga abin da ke ɗauke hankalin ɗalibaina, sai ni ma ya ɗauke nawa. Saboda takunkumin da ke kan ƙasarmu, sai da dabara muke sauke shi, amma ban yi nadama ba. Yaron da ba ya cika mini shafi ɗaya a darasin insha'i, na ga ya rubuta tarihin jaruminsa na cikin wasan shafi biyar. Don haka wannan kukan mai ƙaunarku ne.

Idris tsohon ɗalibina ne, ya kai shekara ashirin. Yayansa Haruna direba ne a Jidda. Ba su rabu da daɗi ba, a kan wa zai tafi nema, wa zai zauna da mahaifiyarsu. A waya gaisuwa ce kawai: ya gida, ya Hajja, lafiya lau. Amma a cikin wasanku sun gina gida ɗaya a garin bakin kogi, da akwati a ɗakin. Lokutan aikinsu ba sa haɗuwa, sai kowa ya rubuta takarda ya ajiye, ɗan'uwan ya zo ya tarar. Abin da bakinsu ya kasa faɗa, a akwatin nan yake sauka.

A watan Oktoba riɗi ya nuna. Wataƙila ba ku taɓa ganinsa a gona ba. Da ganyensa ya yi rawaya, kwanaki kaɗan gare ka. Ka makara, kwanson ya tsage, ƙwayar ta zube, wahalar damina ta zama ta tururuwa. Shi ya sa loruruwa ke kwashe samarin unguwa zuwa gonakin Fashaga da Doka. A kambo, wato bukkokin ma'aikata a tsakiyar gona, babu lantarki, babu shabakar waya, wato sabis. Safiyar da Idris zai tafi, Haruna ya turo masa layi ɗaya, cewa ya bar masa takarda mai tsawo a akwati, ya karanta a natse. Lori na jira, Idris ya rataya laujensa, ya ce sai ya dawo.

Kwana huɗu da tafiyarsa kuka sanar da yaƙin kwana uku a garin bakin kogi, inda ni ma nake da gida, kuka ce in masu tsaro ba su isa ba, garin ya faɗi har abada. Mafi yawan maƙwabtanmu na cikin wasan suna gona. A ƙofar unguwarmu ni na tsaya, da wani tela na kasuwa, da 'yan mata biyu na ajin ƙarshe. Garin ya faɗi, kuka ƙone shi, gidaje da abin da ke ciki.

Bayan mako uku Idris ya same ni a makaranta lokacin karin kumallo, tafin hannunsa duk kanta. Ya miƙo mini wayarsa yana dariya, ya ce, “Ya Ustaz, riɗi ya mantar da ni hanyar gida ne? Ko'ina na juya toka nake gani.” Na gaya masa abin da ya faru. Ya tambayi yayansa abin da ke cikin takardar, Haruna ya ce ba kome, a bar maganar. Haruna ma ni na koyar da shi, na san halinsa. Ya iya rubutawa sau ɗaya, ba zai iya na biyu ba. Tun daga ranar suka koma ya gida, lafiya lau.

Ban ce faɗuwar garin ba ta yi kyau a labari ba. Wallahi tsigar jikina ta tashi da ganuwa ta rushe. Ga dai abin da nake roƙo.

Na ɗaya, ku san kalandar masu wasanku. Bara kun ɗage wani yaƙi saboda hutun ƙarshen shekara na ƙasarku. Mu ma muna da namu lokutan: yankan riɗi, girbin dawa, azumi. Ban ce ku tsayar da duniya dominmu ba. Ku sanar da wuri, ku faɗaɗa kwanakin.

Na biyu, ku ba mai tafiya hanyar barin amana. A nan wanda zai tafi gona yakan damƙa wa maƙwabci makullinsa da akuyarsa. Da wasanku ya san wannan, da Idris ya bar mini gidan, da na fito da akwatin kafin wuta ta iso, ban buɗe ba.

Na uku, wanda ya dawo a makare kada ya tarar da kango shiru. Ku ajiye masa wanda ya tsira daga yaƙin, ya ba shi labari, ya ba shi aikin yi.

Na huɗu shi ne ya sa na ɗauki alƙalami. Garin naku ne, ku ƙone shi in labari ya so. Amma abin da mutum ya rubuta wa ɗan'uwansa ba ku kuka rubuta ba, bai kamata ya shiga wutarku ba. Ba na neman ku sake gina gidan. In takardun suna nan a ma'ajiyarku, ku bar akwatunan su fito daga ƙarƙashin toka, kowa ya tone nasa. Labarinku ma zai ƙaru da haka. Har yau Idris na shiga kullum, ya je ya tsaya inda ƙofar take, ya fita.

Kafin ku ba ni amsa, ku gwada da kanku. Ɗayanku ya roƙi wanda suka daɗe ba su yi magana ta gaskiya ba ya ajiye masa saƙo a cikin wasan. Kada ya buɗe. Ya kulle wayar mako uku, ya bar abokan aikinsa su yi abin da suka ga dama da garin, sannan ya dawo.

Allah Ya sa albarka a basirarku, Ya kiyaye muku zumuncinku, Ya sa ku ji wannan kuka da kunnen rahama.

Wassalam.

Ustaz Abakar,
Gadarif.