Sunan Mai Faci a Takardata

Litinin, 4 ga Agusta

Sun ƙi yi min rajista. Na ci jarrabawar shiga makarantar kwana, sunana yana kan allo, na uku daga sama, amma sun ƙi.

Magatakardan makarantar, wani mai tsinken sakace a baki tun shigarmu har fitarmu, ya riƙe takardar haihuwata a dama, takardar gama firamare a hagu, yana kallonsu kamar ya kama ɓarawo. A ta haihuwa, sunan mahaifina ne ke bin nawa, Allah ya jiƙansa. A ta firamare kuwa sunan Mai Faci ne, mijin Umma. "To wacce ce a cikin biyun ta ci jarrabawar?" in ji shi. Ya yi dariya shi kaɗai. Ya ba mu zuwa Juma'a 22 ga wata mu kawo takardar kotu, in ba haka ba a ba wa wata gurbina.

Ƙafarsa nake kallo. Safarsa ta ɓule a dunduniya.

Talata, 5 ga Agusta

Na tambayi Umma yadda aka yi. Wai ranar da za a sa ni firamare tana kwance ba lafiya, Mai Faci ne ya goya ni a keke ya kai ni. Hedimasta ya ɗago ya ce, "Malam, sunanka?" Shi kuma ya faɗa. Shi ke nan. Bai tambayi me za a yi da sunan ba. Mutum a tambaye ka suna ka miƙa kamar an ce ara min fanfon hura taya.

Shekara shida ina amsa sunan mutumin da aikinsa tsoma tayar babur a bahon ruwa yana jiran kumfa. Tun aji huɗu, da an kira ni 'yan bayan aji ke yin fsssss kamar taya ta sace. Ban taɓa gaya wa kowa ba.

Yanzu dai Allah ya kawo ranar da za a kankare shi.

Alhamis, 7 ga Agusta

Kowa a gidan nan ya zama lauya. Maƙwabciyarmu mai kitso ta ce sanarwa ake bugawa a jarida, haka ƙanwar mijinta ta yi. Ita da ko jarida ta gani sai dai ta naɗe mataji da ita. Gwaggo ta bugo waya ta ce wasiƙar hedimasta ta isa. Hedimastan da ya jawo abin!

Mai Faci yana zaune bakin ƙofa yana cin abinci, bai sa baki ba. Da aka matsa masa ya ce, "Duk wadda za ta shigar da ita makaranta, ita ce mai kyau." Kai, wannan ilimi har ina.

Asabar, 9 ga Agusta

Baffa ya zo, yayan mahaifina. Turarensa ya riga shi shigowa. Ya ƙi zama a tabarma sai da aka aro masa kujera. Ya ce sunan gidansu ba abin wasa ba ne, ba za a haɗa jininsu da kowane kare da doki ba. A tsakar gidan Mai Faci fa yake faɗa, mutumin kuma yana ɗaki yana ji.

Na ji daɗi. Zan rubuta gaskiya, na ji daɗi.

Ya ce shi da kansa zai kai ni kotu ranar Alhamis, ya san kowa a can. Da zai tafi ya dafa kaina ya ce, "Aji nawa kike yanzu, 'yata?" Umma ta juya tana gyara murfin tukunyar da ba abin da ya same shi.

Litinin, 11 ga Agusta

Ba zan iya jira har Alhamis ba. Na lallaɓa Umma muka je bakin kotu. Akwai masu buga takardu jere a gindin bishiya, kowa da teburinsa da lema. Wanda ya fara cafke mu yana sanye da kwat a wannan zafin, wuyan kwat ɗin ya yi maiƙo. Bai bari Umma ta kai ƙarshen magana ba. "Canjin suna! Hajiya, wannan ai kullum shi nake yi, ido rufe."

Ya buga, ya karanto mana. Akwai wani layi: na yi watsi da tsohon sunana, ba ni ba shi daga yau. Na sa ya maimaita. A zuciyata, wato. A fili Umma na taɓa, ita ta ce ya maimaita. Na sa hannu da kaina, karo na farko a rayuwata. Na yi wa harafin ƙarshe jela.

Laraba, 13 ga Agusta

Mai sakace ya dawo mana da ita ko zama ba mu yi ba. Ba hatimin kotu. Kuma wai yarinya kamata ba ta rantsuwa da kanta, sai babba ya tsaya mata. Kuma ba ma irinta ake nema ba: wannan ta ce na yar da sunan firamare, alhali da sunan na ci jarrabawar. "Kin yar da wadda ta ci, kin kawo min wadda ba ta zauna ba."

Abin da ya fi ƙona min rai, gaskiya ya faɗa.

Mai kwat kuma, Allah ya isa.

Alhamis, 14 ga Agusta

Mun jira Baffa a bencin kotu daga safe har aka tashi. Wayarsa a kashe.

Lahadi, 17 ga Agusta

Baffa ya bugo. Taro ne ya riƙe shi. Gobe ba fashi.

Na goge takalmina.

Litinin, 18 ga Agusta

Ya yi tafiya. Matarsa ce ta ɗauki wayar, ta ce sai wani satin, ta kuma ce a gaida yara.

Saura kwana huɗu. Umma ta zauna a bakin gado ta ce ita za ta tsaya min, amma an gaya mata a kotun tunda sunan mutum ne a takardar, mai sunan ake son gani. Na shiga banɗaki na daɗe. Akwatin da aka saya min na makaranta yana ƙarƙashin gado, na tura shi can ciki da ƙafa don kada in riƙa ganinsa.

Da na fito na ji Mai Faci yana ce wa Umma, "Gobe sai in rufe rumfa." Kamar wani babban ofis zai rufe.

Talata, 19 ga Agusta

Yau da tsawo.

Ya sa rigarsa ta fita unguwa, duk layin ninki a jikinta. Ya fi minti goma yana dirje hannu da sabulu da soso, baƙin yana nan a ƙarƙashin farce. A hanya na bar tazara tsakaninmu. Ya lura, ina jin, don ya daina waiwayowa.

Mai rantsarwar kotun mace ce, tabarau a ƙarshen hanci, hatimi uku a gabanta. Ta duba takardar mai kwat, ta yi tsaki, ta tura ta gefe da bayan biro. Nan na so ta kaɗan.

Ta ce hanya biyu ce gare mu, kowacce makaranta za ta karɓa. Ta farko takardar gyaran kuskure: shi zai rantse cewa ba shi ya haife ni ba, an sa sunansa bisa kuskure, a cire shi daga duk inda yake. Ta biyu takardar da ke cewa mai wancan suna da mai wannan mutum ɗaya ce: sunan mahaifina na nan a bayan nawa, nasa ya biyo a ƙarshe, takardun baya duka suna aiki.

Ya ce, "Ta farkon take so, ranki ya daɗe." Ban taɓa gaya masa ba. Ban san wa ya gaya masa ba.

Ta ce to ya saurara da kyau, don abin da zai faɗa da bakinsa ke nan. Ta karanta. Ba ni na haife ta ba. Ya ce haka ne. An sa sunana bisa kuskure. Ya sunkuyar da kai, sannan ya ce haka ne. Ya miƙa babban yatsa tun ba a buɗe tawada ba. Sai kuma ya janye.

"Ranki ya daɗe, tambaya ɗaya. In an cire, ta yi zazzaɓi a can, wa za su kira? Don ita ba ta faɗa. Sai dai ka ga ta daina cin abinci."

Matar ta ce wannan fom ɗin makaranta ne, ba ruwan kotu. Ya ce to, alhamdu lillahi, ya sake miƙa yatsan.

Ita kuma ta rufe tawadar. Ta kalle ni ta saman tabarau. "Ke mai suna. Tun da kuka shigo ban ji muryarki ba. Wacce kike so?" Na kalli hatiman. Ta jira, ta jira, sannan ta ce ba ta rantsar da kowa a kan sunan wadda ba ta buɗe baki ba, mu dawo gobe.

Zai sake asarar wunin aiki ke nan saboda bakina. A hanya ya tsaya ya matsa tayar wani keke da aka jingina a bango, ya girgiza kai. Keken da ba nasa ba, ba a kuma tambaye shi ba. Abin kunya.

Wa ya ce masa ina daina cin abinci?

Laraba, 20 ga Agusta

Na ce ta biyu.

Sau biyu na faɗa, don na farko ba ta ji ba. Dalilina a fili yake: ta biyun ba sai an koma firamare an sake buga takarda ba, ga lokaci ya ƙure. Duk mai hankali ita zai zaɓa. Ba wani abu ba ne.

Shi kuwa ya tsaya yana kallona baki buɗe har sai da matar ta ce, "Malam, yatsa." Ya danna da ƙarfi kamar yana liƙa faci, tawadar ta baje. Sai da aka sake buga wata. Ko dangwala yatsa bai iya ba.

A dawowa mota ta taso ta kusa da mu, ya sa hannu ya mai da ni gefen bango. Rigata ta yi shuɗin tawada a kafaɗa. Umma ta ce in kawo ta jiƙa. Na ce ta bari, ni zan wanke.

Alhamis, 21 ga Agusta

An yi rajista.

Mai sakace ya juya takardar gaba da baya yana neman aibi, bai samu ba. Ya ɗauko fom ya fara rubutu, ya tsaya. Wai suna uku ba za su shiga layin ba, akwatunan ba su kai ba. "Wannan suna kamar jirgin ƙasa. A yanke na ƙarshen mana, wa zai sani?"

Umma ta buɗe baki, na riga ta. Ban san daga ina muryar ta fito ba, har na bayanmu a layi suka ɗago.

Na ce, "Malam, ka ƙanƙanta rubutunka."

Ya cire tsinken daga bakinsa. Ya ƙanƙanta.

Takardar kotu ce, shi ya sa. Ba a wasa da takardar kotu.