Sunan da Ban Faɗa a Talabijin Ba

Zuwa ga mahaifina, Malam Ɗanjuma, wanda mutanen Bauchi suka fi sani da Mai Ungulu.

Assalamu alaikum wa rahmatullah, Baba.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana cikin rahamar Ubangiji, ina sanar da kai cewa gida lafiya. Umma na nan tana fama da gwiwarta. Kawu Bulus, abokin aikinka mai ɗaukar hoto, yana nan da tsohuwar kyamararsa da ya ƙi yarda a sauya masa. Shekara biyu ke nan da rasuwarka, kuma shirin dabbobin daji da ka bar mini yana fita duk Asabar, bai taɓa fashi ba.

Na rubuto ne saboda na yi wani abu wanda kai kaɗai za ka san nauyinsa. Na hana wani mutumin kirki godiyar da ya cancanta, a gaban jama'a, kuma da gangan. Masu karanta wannan wasiƙa tare da kai su yi haƙuri, na karkatar da wasu bayanai, za su ga dalili.

Ka tuna yadda ka fara. Malamin firamare ne kai, kana kai 'yan ajinka bakin dam ɗin Gubi suna ƙirga tsuntsaye, iyayensu na ƙorafin an mayar musu da yara mafarauta. Daga nan wani ya ji ka a rediyo kana bayanin yadda bushiya ke dunƙulewa, ya ce wannan bakin ya fi ƙarfin aji ɗaya. Haka ka shiga talabijin da hularka mai faɗi, wadda Umma ta rantse ba za ta jera da kai a titi ba muddin tana kanka.

Gidanmu na Ƙofar Wambai ya ga baƙi. Kunkuru ya yi wata uku a ƙarƙashin gadonka. Balbela mai karyayyen fiffike ta kwana a kicin har ta warke, ta tafi ba ko sallama. Yaran unguwa kuwa sun haddace yadda kake raɗa in ka kusanci giwa, sai ka ji su a bakin famfo suna raɗa wa akuyar maƙwabta. Ba ka taɓa jin haushi ba, cewa kake yi ai ko ba komai sun kalli akuyar da kyau.

Mutane sun so ka saboda giwa da ɓauna da gwanki. Amma da ka koma kan ungulu, sai suka fara tambayar Umma ko lafiyarka ƙalau. Kai ne ka fara cewa a duba sama a bakin mayanka, a faɗi gaskiya, yaushe rabon da a ga ungulu ko ɗaya. Ka shiga Kasuwar Muda Lawal ka zauna a tabarmar masu sayar da kai da ƙafa da ƙwan tsuntsu don magani, ka sha furarsu, ka yi musu da su har la'asar. Ka je masallatai, Kawu Bulus ya kai ka coci-coci, ko'ina maganarka ɗaya: ungulu ce ke kwashe mushe kafin cuta ta shiga garke da rijiya. Sunan Mai Ungulu da tsiya aka laƙaba maka shi, kai kuma ka karɓe shi hannu bibbiyu.

Akwai al'adarka da kowa ke jira, wato godiyar ƙarshen shiri. Ba ka rufewa sai ka gaida mai gari, ka gaida liman, ka gaida matar da ta ba ku ruwa, kowa da sunansa da unguwarsa. Wani lokaci gaisuwar ta fi hoton giwar tsawo. Mutum ya ji sunansa a bakinka, ya yi wata yana karɓar barka.

Ina aji uku na sakandare lokacin da kuka samo rimin nan mai sheƙar ungulu uku a bayan wani ƙauye. Ban taɓa ganin ka cikin murna irin ta ranar ba. Shirin ya yi kyau, ka rufe shi yadda ka saba: ka gode wa mai garin da sunansa, ka gode wa dattijon da rimin ke bayan gidansa, har ka ƙara da cewa gidan ne na daf da rijiya.

Ba a yi mako ba wasu suka je a kan babura. Suka zuba nama mai guba a gindin rimin, suka hau suka kwashe ƙwai. Da kuka koma, Kawu Bulus ya ce ko kyamara bai iya ɗagawa ba. Kai kuwa ka dawo gida ka zauna a zaure da takalmanka a ƙafa, tuwon da Umma ta aiko maka ya huce a gabanka.

Asabar ta gaba ka zauna gaban kyamara ba hula, ka ce, “Ba mafarauci ne ya nuna musu hanya ba. Ni ne, da bakina, ina gaisuwa.” Daga ranar ba ka sake kiran sunan gari ko na mutum a shiri ba.

Ka sha magana a kan haka. An ce ɗaukaka ta shiga kanka, an ce ka ci abincin mutane ka goge baki. Wani mai gari ma ya hana ku shiga ƙasarsa. Abin da masu maganar ba su sani ba shi ne bayan kowane shiri kana komawa da ƙafarka, da ƙullin goro da sukari, ka durƙusa ka yi godiyar a tsakar gidan mutum. Ni ce mai riƙe maka ledar goron, shi ya sa na sani.

To, Baba, ga abin da ya faru.

A farkon ranin nan wani makiyayi ya yi sallama a gidanmu. Dattijo ne, ya manyanta, ya ce a talabijin ɗin mai shayin garinsu ya san ka. Ya zo ta'aziyya ne ko da an makara, ya kuma zo da labari: a can inda yake kai shanunsa, nesa da gidaje, akwai wata doguwar bishiya da ungulu biyu suka yi sheƙa, kuma ya ga uwar ta kwanta a kan ƙwai. Bai nuna wa kowa wurin ba. Kullum a gindinta yake hutun rana don kada wani ya matso.

Muka je da Kawu Bulus sau huɗu. Ka san shi da taurin kai, amma ka koyar da shi da kyau. Bai ɗauki hoton dutse ba, bai ɗauki hanya ba, bai ɗauki ko saniya ɗaya mai alama a kunne ba. Reshe da sheƙa da sama kawai. A zuwa na uku muka ga ɗan ya ɗago kai, mummuna ƙwarai, duk wuya da baki. Na yi kuka, Baba, ban ɓoye ba.

Manajan gidan talabijin ɗin ya kalli hoton ya ce in ba a faɗi wuri ba, mutane za su ce daga wata ƙasa muka kwaso shi. Na ce su faɗa. Ya ce zai iya mayar da shirin wani lokacin da ba mai kallo. Na ce ya mayar, ungulu ba ta san Asabar ba. Ya dube ni ya ce lallai 'yar gidan ce, ya sa hannu.

Inda na yi kuskure daban ne. Ban gaya wa makiyayin tun farko cewa ba zan kira sunansa ba. Na so in faɗa, kunya ta hana ni, ga dattijo yana ta hidima da mu, yana kawo mana nono a ƙwarya. Shi kuma tsohon shirinka yake tunawa, na zamanin gaisuwa. Ashe ya gaya wa danginsa da surukansa cewa ranar Asabar za a nuna ungulun da yake gadi, za a kuma kira sunansa. Suka cika rumfar mai shayi, shi yana gaba da sabon rawani.

Na rufe shirin da cewa muna godiya ga wanda ya san kansa. Shi ke nan abin da na ce.

Bayan kwana uku na ɗauki goro da sukari na tafi. Na same shi a gindin bishiyar. Ya amsa gaisuwata a taƙaice, bai karɓi ledar ba, ya ce, “'Yar Malam, kin ba ni kunya a gaban surukaina.”

Na durƙusa na ba shi haƙuri a kan shirun da na yi masa tun farko. A kan rashin kiran sunan kuwa ban ba da haƙuri ba. Na ba shi labarin rimin, da rijiyar, da tuwon da ya huce a gabanka. Ya saurara yana kallon shanunsa.

Sai ya gaya mini cewa washegarin shirin wasu baƙi biyu sun tsaya wurin mai shayin a kan babur. Gari-gari suke bi suna tambaya ko an san inda aka ɗauki hoton, suna cewa za su yi wa mutum alheri. Mutanen rumfar suka kwashe da dariya, suka ce akwai dai wani tsoho a nan da ya yi musu cika baki, amma ko sunansa ba a kira ba, ƙarya yake yi. Baƙin suka shanye shayinsu suka yi gaba.

Na ce to in ɗan ya tashi zan zo har rumfar in wanke shi a gaban kowa. Ya girgiza kai, ya ce ai iyayen za su dawo wannan sheƙar baɗi. Ya miƙo hannu ya karɓi goron, ya ce, “Maƙaryaci suke ce mini yanzu. Ki bar shi a haka.”

Baba, na san abin da wannan ke nufi ga mutum irinsa, wanda a kasuwar shanu maganarsa ta isa shaida. Yau in ya ba da labari a majalisa sai wani ya tambaye shi ko wannan ma irin na ungulun ne. Yana ji, yana murmushi, da safe ya kora shanunsa ya koma gadinsa.

Ɗan ya tashi ranar Alhamis da ta wuce, da hantsi. Ya yi ta buga fiffike a bakin sheƙa kamar mai shakka, sannan ya saki reshen. Mu uku ne kawai a wurin, ni da Kawu Bulus da dattijon. Kawu Bulus ya cire hularsa ya ce, “Malam, ka gani?” Ni ma da kai nake magana a zuciyata.

Ina so ka kwantar da hankalinka. Aikinka yana hannun da ya san shi. Zan ci gaba da shiga kasuwa, zan ci gaba da musu da manaja, kuma daga yau duk wanda ya buɗe mana ƙofarsa zan gaya masa gaskiya tun kafin ya shimfiɗa mana tabarma. Ina kewarka ƙwarai, Baba, har hular nan nake kewa. Amma ba na jin tsoro.

Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka kabarinka, Ya yafe maka kurakuranka, Ya sa tausayin da ka nuna wa halittunSa ya zame maka nauyi a mizani. Shi kuma dattijon nan, tunda na hana shi godiya a gaban mutane, na sa sunansa a addu'ata bayan kowace salla, daf da naka. A can ina kiransa cikakke, har da na mahaifinsa da na garinsu.

Wassalam.

'Yarka,
Hafsatu
Ƙofar Wambai, Bauchi